Buɗaɗɗiyar wasiƙa: a gina wa masu aikin wuta filin atisaye a Tahoua

Zuwa ga ofishin ministan da ke kula da koyar da sana'o'i, da shugabannin kamfanin wutar lantarki na ƙasa NIGELEC, da asusun tallafa wa koyon sana'a FAFPA, da hukumar inshorar ma'aikata CNSS.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Masu girma, ranku ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ni mai sana'ar haɗa wuta ne a garin Tahoua, da yara a hannuna ina koya musu aiki kamar yadda wani maigida ya koya mini. Roƙo guda ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ina so a samar wa masu aikin kuran na wannan jiha wurin da za su riƙa kwaikwayon aiki mai haɗari, su yi kuskure, a nuna musu, su sake, ba tare da an kwashi kowa zuwa asibiti ko kushewa ba. Filin atisaye nake nufi, mai turaku da wayoyi da akwatunan rarraba wuta kamar na gaske, amma wutar da ke cikinsa ba mai kisa ba.

Kun fi ni sanin yadda aikin ya bunƙasa. A jiharmu an buɗe tashar hasken rana ta Malbaza mai megawat 7 a 2018, ta Gorou Banda kusa da Yamai mai megawat 30 ta fara aiki a 2023, madatsar Kandaji kuma ana sa ran megawat 130 idan Allah ya sa aka kammala ta. Duk da haka, kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ke da wuta a ƙasar nan. Ke nan yawancin turakun da za a kafa ba a kafa su ba tukuna, samarin da za su hau su kuma yanzu suna aji ko suna riƙe wa maigida tsani. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma abin da ya sauya a cikin gidaje da shaguna, wanda mu da ke shiga lungu muka fi gani. A watan Agustan 2023 Najeriya ta katse layin da ke kawo mana kusan kashi 70 cikin 100 na wutarmu. Duk mai ɗan hali ya sayi gurup, wato janareta, ko ya ɗora pano na hasken rana da batura a kan rufi. An maido da wutar a 2024, amma gurup da pano ba su koma kasuwa ba, suna nan inda aka girke su. Gidan da a da hanya ɗaya wuta ke shiga, yau uku ce, kuma da yawa an haɗa su a gurguje, babu makunnin da ke raba wutar gida da ta layi. Mai gida ya tada gurup, wutar ta bi kwantar, wato mitar wuta, ta koma waje. Ita kuwa taransifoma ba ta san gaba da baya ba: yadda take sauke bolt 20,000 zuwa 230, haka take ɗaga 230 zuwa dubbai idan aka ba ta daga ɗaya gefen. Ma'aikacin da ke kan poto, wato turken wuta, an ce masa an kashe layi, kuma gaskiya aka faɗa masa, amma wayar da ke gabansa tana da rai.

Abin da ke kashe mutum kaɗan ne ƙwarai. Miliampiya shi ne ƙaramin ma'aunin wutar da ke gudana, 10 kacal sun isa su sa hannu ya damƙe waya ya ƙi saki. Wajen 30 numfashi na iya tsayawa, shi ya sa disjanktar ɗin kariya, makunnin da ke yanke wuta da kansa, da muke sa wa a gidaje ake saita shi a 30. Daga 50 zuwa 100, idan suka ratsa ƙirji, zuciya ta rikice ta daina harba jini. Tsohon ƙwan fitila mai wat 60 yana jan kusan miliampiya 260, ku kwatanta. Jiki mai gumi kuma ya fi saurin ɗaukar wuta, ga shi a Afrilu da Mayu zafin Adar kan haura digiri 40, lokacin da kowa ya kunna fanka da firji, layi ya yi nauyi, gyara ya yi yawa.

Ba rashin ƙa'ida ke damunmu ba. Matakan nan biyar na tsare layi, waɗanda ƙa'idar Faransa NF C 18-510 ta tsara, duk wanda ya zauna ajin lantarki zai karanto muku su kamar karatun allo: a raba layin da tushen wuta, a kulle makunnin da kwaɗo a rataya sanarwa, a tabbata layin da aka kashe shi ne wanda za a taɓa, a auna a ga babu wuta, sannan a haɗa wayoyin da juna a kai su ƙasa. Dokar aiki mai lamba 2012-45 ta 25 ga Satumban 2012 ita ma ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata nauyin kare lafiyarsu da horar da su. Matsalar, baki ne ya haddace, hannu bai haddace ba. Da tsakar rana a saman poto, gumi na shiga ido, mutanen unguwa sun taru a ƙasa suna jira, hannu abin da ya saba yi zai yi.

To ina hannu zai saba? A halin yanzu, a kan wuta mai rai. Aparanti yana kallon maigida, wata rana a ce masa hau. Idan maigidan mai tsallake awo ne, yaron ya gaji tsallaken tare da sauran gwaninta, har ya ɗauke shi alamar ƙwarewa. Na san masu taɓa waya da bayan yatsa su ce babu komai, yara na kallonsu da sha'awa. A nan Tahoua aka fara gasar kokowar ƙasa a 1975, kuma kowa ya san babu ɗan kokowar da ke shiga fili neman takobi sai ya sha kaye ba adadi a rairayin unguwarsu. Mu kayenmu na farko yana iya zama na ƙarshe, amma mu ne ba mu da rairayin gwaji.

Wasu sana'o'in sun daɗe da gane wannan. Tun 1929 wani Ba'amurke, Edwin Link, ya ƙera akwatin da matuƙin jirgin sama ke shiga ya koyi tuƙi yana ƙasa, kuma har gobe matuƙan manyan jirage, komai daɗewarsu a aiki, sai sun koma na'urar kwaikwayo an kashe musu inji an ga abin da za su yi.

Ga yadda nake hango namu. Fili ne mai katanga, a ciki an kafa turaku, wasu gajeru yadda mutum zai yi aiki yana tsaye malami na ganin yatsunsa, wasu masu cikakken tsawo don koyon hawa da ɗaura igiyar tsaro. A kawo tsohuwar taransifoma da ta gama aiki, da akwatunan rarraba wuta, da kwantoci, da ƙaramin gurup, da pano. A zagaya wayoyin da bolt 24 kawai, a haɗa su da jiniya da jar fitila. Duk wanda ya kai hannu ko ƙarfe kan wayar da bai auna ba, jiniya ta tashi. Malami ya ce masa: “Ka mutu, koma inuwa ka zauna.” Ya zauna yana kallon abokansa suna ƙarasa aiki ba shi. Idan an gama a zauna a warware: me ka gani, me ka zata, wa ya ce maka me. Wannan zaman na baya shi ne rabin karatun, kada a yi wasa da shi.

Amfanin filin yana ga tarkunan da malami zai ɗana. Yau an kashe layi an kulle, sai malami ya tada gurup a ɓoye daga ɗaya gefen. Wanda ya kai wayoyinsa ƙasa ya tsira, wanda ya ce ai an riga an kashe ya ji jiniya. Gobe layuka biyu ne a kan poto ɗaya, an musanya lambobinsu. Jibi na'urar awon ce batirinta ya mutu, tana nuna babu wuta alhali akwai, don yaro ya koyi gwada ta a kan wuta sananniya kafin awo da bayan awo, ya kuma daina dogara da ɗan turnabis mai ƙyalli na aljihu. Wata rana safar hannun da aka miƙa masa tana da hujin da ido ba ya gani, sai wanda ya naɗe ta ya matse iska a ciki zai gane. Ko a ajiye masa safa iri-iri ya zaɓa, domin mai lamba 0 iyakarta bolt 1,000, mai lamba 2 bolt 17,000, layin 20,000 kuwa sai mai lamba 3. Wata rana kuma kondansata, na'urar da ke tara wuta, wadda ta riƙe wutar bayan an kashe komai.

Amma tarkon da na fi so a ba muhimmanci ba na waya ba ne, na baki ne. Haɗari da yawa daga magana yake farawa. Wanda ke sama ya kira a salula: “An kashe?” Aka ce: “An kashe.” Wane layi? Wane makunni? Wa ke riƙe da makulli? Babu wanda ya tambaya. A filin atisaye sai a tilasta wa kowa ya ambaci sunan layi da lambar makunni, mai sauraro ya maimaita, da Hausa ko Zabarmanci ko Buzanci, harshen da ake aikin da shi a zahiri. Takardu da Faransanci suke, amma a gindin poto ba da shi ake kiran juna ba.

Sannan a sa wani ya fito a matsayin Alhaji mai shago, ƙanƙararsa na narkewa ana dab da shan ruwa a watan azumi, yana faɗa yana cewa ku yi sauri, zan ƙara muku na goro. Ku gwada ku gani, mutum nawa za su tsallake mataki na huɗu. Sai babban gwaji: a keɓe maigida a raɗa masa ya tsallake awo da gangan, a zuba wa aparanti ido. Mu mutane ne masu kunya, an rene mu a kan yaro ba ya gyara wa babba, kuma tarbiyya ce mai kyau a zaure. A gindin taransifoma kuwa tana kashe babban da yaron gaba ɗaya. Yaro yana buƙatar ya furta “Maigida, a yi haƙuri, ba mu auna ba” sau da yawa a wurin da ba za a kore shi ba, har bakinsa ya saba. Maigida ma yana buƙatar ya saba jin ta bai hasala ba. Yaron da ya yi shiru a wannan gwaji ya faɗi, ko da haɗinsa ya fi na kowa kyau. Saboda haka kada a kira yara su kaɗai, a kira mu da su.

Na san idan aka ce kwaikwayo, hankalin wasu zai tafi kan tabarau ɗin nan na kwamfuta da mutum ke sa wa ya tsinci kansa cikin tashar wuta ta hoto. Ba na ƙin sa, yana da wurinsa. Akwai abin da ba za a iya nunawa a fili ba, wato fashewar tartsatsin wuta idan ƙarfe ya haɗa wayoyi biyu cikin akwati. Zafinta na iya kaiwa digiri 19,000, fiye da ninki uku na zafin fuskar rana, jan ƙarfen da ya koma tururi kuma yana kumbura kusan sau 67,000, ya yi jifa da ƙofar akwati da mutumin da ke gabanta. Wanda ya ga wannan ta tabarau, ya ji ƙararsa a kunne, zai daina tsayawa fuska da fuska da akwati yana tura makunni, zai kuma daina sa rigar leda wajen aiki. Haka shiga babbar tasha mai kilobolt 132, irin layin da ke zuwa Yamai daga Birnin Kebbi ko wanda ke shigowa Gazawa daga Katsina: gara yaro ya zaga ta a hoto, ya san tazarar da ake bari, kafin ya taka ta da ƙafa. Masu kula da rarraba wuta a ɗakin sarrafawa su ma manhajar kwaikwayo ce ta dace da su.

Sai dai ina jin tsoron abu ɗaya, kuma zan faɗa ko da ba zai yi daɗi ba. Kada a sayo tabarau masu tsada, a yi bikin buɗewa, talabijin ta ɗauka, sannan a kulle su a kabad saboda lasisin manhajar ya ƙare, ko ƙurar hunturu ta shiga, ko wanda ya iya kunna su an yi masa canjin wurin aiki. Kowa a ƙasar nan ya san irin wannan kabad. Tabarau kuma ba ya koya wa hannu nauyin safar roba, ba ya koya wa ƙafa tsayuwa a saman poto iska na kaɗawa. Yaron da ya ci maki ɗari a hoto yana iya fitowa da ƙarfin halin da ya fi iyawarsa. Don haka a fara da fili, tabarau ya biyo baya. Idan za a saya, a nemi wanda ke aiki ba intanet, mai nuna irin turakunmu da akwatunanmu, mai magana da harsunanmu. Makarantar injiniyoyi ta EMIG a Yamai da jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi suna da masu karatun lantarki. Haɗa allunan bolt 24 da jiniyarsu aikin kammala karatu ne da ya dace da su, kuma abin da ƴan ƙasa suka haɗa ƴan ƙasa za su gyara.

Pano na buƙatar kusurwarsa daban. Samari da yawa sun shiga aikin girka shi a kan rijiyoyin burtsatse da gidaje da lambunan albasa na wajen Galmi, suna ganin wutar rana ba ta da haɗari. Faranti da yawa a jere suna kai ɗaruruwan bolt, a manyan tashoshi har 1,000 ko 1,500, kuma muddin akwai rana ba su da makunnin kashewa. Wutarsu ba mai juyawa gaba da baya ba ce kamar ta layi, tartsatsinta ba ya saurin mutuwa idan aka cire haɗi tana gudana. Baturi kuma, sifana ɗaya ta faɗa kan kawunansa biyu ta isa ta haddasa haɗari.

Sai ceto, wanda a ganina shi muka fi rauni a kai. Idan wuta ta kama mutum, abu na farko da ɗan'uwansa ke yi shi ne ya ruga ya fizge shi, mutum ɗaya ya zama biyu. Idan an samu an raba shi, sai ka ji wani na cewa a ba shi madara, wani a binne shi cikin rairayi wutar ta fita, lokaci na tafiya, alhali ƙwaƙwalwa takan fara lalacewa cikin ƴan mintuna idan jini ya tsaya. Abin da yake buƙata a kira 18, lambar ƴan kwana-kwana, a fara danna ƙirji nan take: sau 30, busa biyu, da saurin 100 zuwa 120 a minti, zurfin santimita 5 zuwa 6. Wannan ba ya koyuwa da ji. Tun 1960 aka ƙera mutum-mutumin roba a Norway don wannan koyo, kuma ba shi da tsadar da za ta gagari jiha guda. A haɗa da buhun rairayi mai nauyin mutum, a rataye shi a saman poto, ƙungiya ta koyi sauko da shi da igiya ana duba agogo. A koyi yadda ake nisantar wayar babban layi da ta faɗi ƙasa, ƙafafu a haɗe ana jan su, da yadda ake tsare jama'a kada su matso. Ƴan kwana-kwana da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge sun iya wannan koyarwa, a gayyato su.

Wani zai ce kwana idan ya ƙare ya ƙare. Haka ne, mun yi imani. Amma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa ya yi wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, ban kuma ga malamin da ya ce kulle makunni ya saɓa wa ƙaddara ba.

Kowannenku yana riƙe da wani yanki na abin da ake buƙata. NIGELEC na da tsofaffin kayan da suka gama aiki da ƙwararrun da suka yi ritaya, waɗanda suka san tarkunan gaske. FAFPA aikinsa ke nan, tallafa wa koyon sana'a da horar da masu koyo a hannun iyayen gida. CNSS na karɓar rahoton haɗurran aiki; a cire sunaye, a mayar da kowane rahoto darasin da za a kwaikwaya a fili. Sai dai a sani, yawancin yaranmu da ƴan aikin yini ba su da rajista, abin da ya same su ba ya zuwa kowane ofis, don haka a zauna da mu ma a ji namu labaran, har da waɗanda aka tsallake rijiya da baya. Ofishin minista kuma shi zai sa wannan atisaye cikin manhajar cibiyoyin koyon sana'a, ya kuma tsara katin shaida. Katin kada ya zama na halarta. A ba wanda ya ci gwajin fili, a hana wanda ya faɗi har sai ya sake, a riƙa sabunta shi duk shekara 3 kamar yadda ƙa'idar Faransa ta ba da shawara. Idan aka wajabta wa duk ɗan kwangilar da ke neman aikin layi ya nuna katin kowane yaron da zai hau poto, za ku ga fili ya cika ba tare da kun roƙi kowa ba.

Kada kuma a tsaya a Yamai. Daga nan zuwa can ya haura kilomita 500, mai ƙaramin shago ba zai rufe ya biya mota da masauki don horon mako guda ba. A yi fili a Tahoua, a ɗora allunan gwaji da mutum-mutumin a mota ta riƙa zagayawa Konni da Madawa da Buza da Keita da Illela da Abalak, ta kwana biyu-biyu, a sanar ta gidajen rediyon garuruwan. Waɗanda ba su iya karatun boko ba a gwada su da baki da hannu, kada takarda ta kore su, don su ne suka fi yawa a aikin.

Ranar 28 ga Afrilu ake bikin ranar kare lafiyar ma'aikata a duniya, 30 ga wata kuma ta Afirka. Roƙona, mai zuwa ta samu ko da poto biyu ne da allo ɗaya da jiniya a tsaye a garin nan. Mu masu shagunan haɗa wuta za mu kawo hannu da ragowar wayoyi da akwatunan da ke jibge a ɗakunan ajiyarmu, za mu kuma kawo yaranmu, mu shiga layin gwaji tare da su. Fili da izini da malamai ne ke hannunku.

Allah ya taya ku riƙo, ya ba ƙasarmu lafiya da zaman lafiya.

Wassalam.

Naku,
Wani mai haɗa wuta, daga garin Tahoua.